Farin Ƙanzo: Kundin Aikin Ruwan Unguwarmu a Jega

11 ga Janairu, 2025

Jiya bayan Isha'i kwamitin bohol ya zauna a ƙofar gidan shugaba, kuma kamar kullum, wanda littafi ke hannunsa shi aka ɗora wa aiki. Ni ne sakatare, don haka ni aka ce in bincika matsalar ruwan nan in kawo bayani. Ba a ba ni ko sisi ba, ba a kuma sa mini rana ba. Na buɗe wannan kundi ne don in riƙa rubuta abin da na gwada da abin da ya fito, kada gobe a ce ban yi komai ba.

Gida 14 ne muka haɗa kuɗi muka haƙa bohol shekara biyu da suka wuce. Muka sa masa sola, muka ɗora tanki biyu a sama, aka ja bututu zuwa kowane gida. Ranar da famfo ya fara zuba har guɗa aka yi. Ruwa garai-garai, ba ƙasa ba wari. Kafin shekara ta zagayo murna ta fara komawa ciki.

Mata suka fara magana. Sabulu ba ya kumfa, sai dai wata farar dusa ta taso tana yawo a saman baho. Farin yadi in ya sha wanki biyar ya koma ruwan toka, bula ma ba ta ceto shi. Tawul ya bushe ƙamas kamar buhu. Mai shayin bakin titinmu, wanda daga famfon masallaci yake ɗiba, ya ce shayinsa ya daina yin ja mai kyau, wata yana ce ke kwanciya a samansa, kuma gindin tukunyarsa ya yi farin ƙanzo. A gidana hita na uku ke nan ya ƙone. Kan shawa rabin hudojinsa sun toshe, ruwa na fita a karkace yana wanke bango maimakon mutum. Akwai masu cewa fatarsu na ƙaiƙayi, amma wannan na ajiye shi gefe tukuna, don a watan Janairu da hunturu ke kaɗawa ko da madara ka yi wanka sai ka yi furu-furu.

Inna kuwa tun watan farko ta yanke hukunci. Ta kurɓa sau ɗaya ta ce, "Ruwanga naku ba shi kashe ƙishirwa. Tun da anka haihe ni ruwan rijiya nika sha." Daga ranar randarta daban.

19 ga Janairu

Na karɓo tukunyar mai shayi da alkawarin mayarwa kafin Magariba. Na kankare gindinta da cokali, ƙanzon na ɓallowa fale-fale kamar ɓawon ƙwai, har ya kusa cika tafin hannuna. Ƙanen uwargida, wanda ke koyar da kimiyyar sinadarai a wata sakandare, ya zo gaisuwa ya tarar da ni ina jujjuya shi. Ya ce, "Yaya, a kawo lemon tsami." Ya matsa a kai. Nan take abin ya shiga tsuwa yana fitar da 'yan kumfa kamar an buɗe lemon kwalba.

Ya ce dutse ne wannan, dutsen farar ƙasa, irin wanda ake fasawa a Kalambaina kusa da Sakkwato a yi siminti. Shimfiɗar wannan dutse ba a Kalambaina kaɗai ta tsaya ba, tana kwance a ƙarƙashin yashi da yumɓun da masana ƙasa ke kira shimfiɗar Gwandu a wannan yanki na Sakkwato da Kebbi. Ruwan sama in ya ratsa ƙasa yakan kwashi iskar da ke sa shi ɗan tsami kaɗan, wanda harshe ba ya ji, kuma da wannan ɗan tsamin yake lasar dutsen a hankali ya tafi da kalsiyam da magnesiyam a narke. Ido ba ya ganinsu. Sai an tafasa ruwan, iskar ta fice, sannan dutsen ya koma dutse a gindin tukunya ko a jikin hita. Hitan da ƙanzo ya lulluɓe ba ya iya miƙa wa ruwa zafinsa, sai ya dafa kansa ya ƙone. Sai a lokacin na tuna mai haƙa ya taɓa cewa sun ratsa wani farin dutse kafin su sami ruwa mai yawa, muka yi ta sa masa albarka. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Sabulu ma haka. Kalsiyam ke kama shi ya mai da shi wannan farar dusa, kuma sai ya ƙoshi sannan abin da ya rage na sabulun zai fara kumfa. Dusar ce ke maƙalewa a zaren tufa ta dusashe shi.

Mun ɗan yi gardama a kan suna. Mu nan duk ruwan da ba na daɗi ba zartsi muke ce masa, ko gishiri-gishiri ne, ko gafin kanwa ne, ko irin namu da ba shi da gishiri sai nauyi a harshe. Shi ya nace a rarrabe, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai ma boholan da ja suke bari a tayil da farin kaya, wannan ƙarfe ne, wata cuta ce daban. Na yarda a kundin nan zan riƙa cewa ruwa mai nauyi. A bakin famfo kuwa zartsi zan ci gaba da cewa, kada a ce boko ya hau mini kai.

2 ga Fabrairu

Gwaji na farko, kuma da abin da ke cikin gida. Na narka sabulun salo a ruwan leda na tace. Dole sabulu na gaske, ba omo ba, don omo an haɗa shi ne ya yi kumfa ko a ruwa mai nauyi. Na jera gorunan roba iri ɗaya guda biyar, kowace ruwa zuwa rabi. Ɗigo ɗaya, a rufe, a girgiza sau goma, a duba. Ana ƙirgawa har a sami kumfar da za ta yi minti biyar ba ta kwanta ba. Yara suka karɓe aikin girgiza, da ƙyar na hana su yi wa juna wanka.

Ruwan leda ɗigo 3. Wanda 'yan ga-ruwa ke kawowa, 6. Rijiyar da Inna ke sha, 7. Bohol ɗinmu, 21. Bohol da aka tafasa aka bari ya huce aka tsiyaye, 9.

Uwargida ta leƙo ta ga gorunan ta ce, "Malam, wannan ai tun bara nake gaya maka, sai da ka sa gora ka yarda?" Ba ni da amsa.

Ƙanenta ya samo mana 'yan takardun gwaji da ake tsomawa a ruwa su canza launi. Ma'aunin jikin kwalin yana tafiya ne 0, 25, 50, 120, 250, 425, wato miligiram na narkakken dutse a kowace lita. Bohol ya faɗa tsakanin 250 da 425, ya fi kusa da 250, sai muka ɗauki 300 don lissafi. Tafasasshe ya sauko wajen 120. A rabe-raben da aka saba, ƙasa da 60 ruwa ne mara nauyi, abin da ya haura 180 kuwa mai nauyi ne ƙwarai. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya, wadda SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, ta fitar a 2007, ta tsaya a 150. Ke nan mun ninka ta. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ba ta sa wa nauyin ruwa iyaka ta fuskar lafiya ba. Abin da ta ce shi ne daga wajen 200 ruwa kan fara barin ƙanzo a bututu da tukwane, kuma akwai wuraren da mutane ke shan wanda ya wuce 500.

Abin da tafasa ta nuna shi ne nauyin namu kashi biyu ne. Mafi yawansa irin wanda wuta ke fitarwa ne. Ragowar, wanda ke tare da salfet kamar na dutsen jifsam, ko kwana ruwan ya yi a wuta yana nan.

Na yi wa mai shayi lissafi: in kowace lita na ajiye masa miligiram 200, kuma yana tafasa jarka biyu ta lita 25 a rana, giram 10 ke nan kullum, giram 300 a wata. Ya ce to ya fara tarawa, ƙila ya yi ɗaki.

9 ga Fabrairu

Labari ya bazu cewa muna neman maganin ruwa, sai ga wani mai sayar da matata ya zo da mota da takardu masu hoto. Kwalabe uku shuɗaye a jere, kowace da farin abu a ciki. Ya rantse duk wani zartsi zai tsaya a ta farko. Na ce a bari in gwada da gora tukuna. Shugaba ya ce mutum ya taso daga nesa, kunya ce. An saya daga asusun kwamiti, an ɗaura a bakin tanki.

23 ga Fabrairu

Ɗigo 21 kafin matata, ɗigo 21 bayan matata. Tana tare yashi da tsatsa, wannan gaskiya ne, amma abin da ya narke a ruwa wucewa yake kamar yadda sukari ke wuce rariyar shayi. Wayar mutumin ba ta shiga. Ban ce wa shugaba komai ba, na dai ajiye masa gorunan biyu a gabansa.

9 ga Maris (9 ga Ramadan)

Azumi ya kawo maganar wake. Uwargida ta daɗe tana cewa tun da muka koma famfo wake da shinkafa ke cinye mata itace, ni kuma ina ɗora laifin a kan tsohon wake. Yau muka raba gardama. Wake ɗaya daga kwano ɗaya, tukunya uku: ta ruwan rijiya, ta bohol zalla, ta bohol da ɗan gutsuren kanwa. Ta kanwa ta riga nuna, ta rijiya ta biyo ta ba da jimawa ba. Ta bohol zalla sai da aka ƙara ruwa sau biyu aka ƙara itace, kuma da aka sauke fatar waken na nan da ɗan tauri.

Bayanin da na samu shi ne akwai wani abu mai danƙo da ke riƙe ƙwayoyin jikin wake da juna, kuma sai ya saki wake ke laushi. Kalsiyam ƙara ɗaure shi yake. Kanwa kuwa aiki biyu take yi: tana kwantar da kalsiyam ɗin, tana kuma sassauta danƙon. Babu matar da ke unguwar nan da ba ta san a jefa kanwa a wake ba, abin da ya canza shi ne yawanta. Na tambayi gida huɗu, duk sun ce hannunsu ya ƙara nauyi tun zuwan famfo.

Nan ne hankalina bai kwanta ba. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, sodiyam ne a cikinta, kuma masu hawan jini ba su da kaɗan a cikinmu. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Tana kuma lalata wani sashe na amfanin abincin in ta yi yawa, ga miya ta yi baƙi. Abin da muka tsayar a gidana: a jiƙa wake tun dare, a dafa shi da ruwan da aka riga aka tafasa aka tsiyaye, kanwa kuma ɗan kaɗan. Tunda ana tafasa ruwan kunu da shayi kullum a watan nan, a ƙara yawansa kawai.

Ƙosai dai bai nuna bambanci ba, ko kuma yunwar azumi ce ta hana ni ji.

5 ga Afrilu

An yi Sallah ranar 30 ga Maris, zafi ya sauka da ƙarfinsa. A makon nan yara uku a gida biyu suka kwanta da gudawa, ɗaya har sai da aka ƙara masa ruwa. Nan da nan aka ce bohol ne. Wani dattijo ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Malam sakatare, abin da ya yi wa tukunya haka, mi kaka zato shika yi ma ƙoda?" Ashe maganar ta daɗe tana yawo: ruwan famfo na sa tsakuwar ƙoda.

Na ɗauki littafi na bi gida-gida, ta hannun uwargida inda ba na shiga. Tambaya ɗaya ce: wane ruwa kuke sha? Abin da na tarar ya fi duk wani ƙanzo tayar mini da hankali. Cikin gida 14, tara sun daina shan bohol. Wanka da wanke-wanke suke da shi. Sha kuwa, masu hali ruwan leda, sauran rijiya ko 'yan ga-ruwa, waɗanda ba wanda ya san inda suke ɗebowa. Gidajen da yara suka kwanta duka biyun suna cikin taran. Mun kashe kuɗi mun kawo ruwa daga ƙarƙashin dutse, a rufe tun daga ƙasa har famfo, sai ɗanɗano da tsoro suka mai da mutane bakin buɗaɗɗiyar rijiyar da guga goma ke shiga kullum, awaki na kwana a gefenta, masai kuma bai fi taku ashirin da ita ba.

Maganar ƙoda na bi ta a hankali, don wanda ya faɗe ta ba wawa ba ne, ido ya gani ya yi ƙiyasi. Amma ciki ba tukunya ba ne, ba a tafasa ruwa a cikinsa. Kalsiyam ɗin da ke cikin ruwan shi ne dai wanda ke cikin nono da ƙashin kifi. Lita biyu ta ruwanmu ba ta wuce abin da mutum zai samu a kofin nono guda ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta duba batun ba ta sami gamsasshiyar hujjar cewa ruwa mai nauyi na cutar da lafiya ba. Abin da likitoci suka tabbatar yana haifar da tsakuwa shi ne ƙarancin shan ruwa, musamman a irin zafin nan namu da mutum ke zufa tun safe. Wanda ya rage sha don tsoron tsakuwa, ita yake kira.

Wata 'yar'uwarmu ma'aikaciyar lafiya ta ba ni 'yan kwalabe shida na gwajin ƙazantar ruwa. Ana cika su a rufe a ajiye kwana ɗaya zuwa biyu, in ruwan ya yi baƙi to akwai alamar ƙwayoyin da ke zuwa daga bayan gida. Ta ce gwaji ne na share fage, ba na yanke hukunci ba. Na cika huɗu: famfon gidana, famfon masallaci, rijiya, da jarkar ɗan ga-ruwa.

7 ga Afrilu

Na famfo biyun suna nan yadda suke. Na rijiya ya yi baƙi ƙirin tun jiya da yamma. Na ɗan ga-ruwa ya bi shi da safen nan.

13 ga Afrilu

Kai wa kwamiti kwalabe abu ne mai sauƙi. Kai wa Inna shi ne aiki. Na zauna a bakin tabarmarta bayan La'asar na ajiye baƙar kwalbar, na yi bayani iya iyawata. Ta saurara har na gama, ta ce, "Shekara nawa nika shan shi, ga ni zaune." Na ce jikokinta fa, da ke sha daga randarta? Ta yi shiru. Sai na kawo shawarata: a tafasa mata na bohol, nauyinsa zai ragu, a zuba a randa ya yi sanyi.

Ta dube ni ta ce, "In dai tafasawa za a yi, mi ya hana a tafasa na rijiya?"

Na buɗe baki na rufe. Gaskiyarta. Tafasa na kashe ƙwayoyin, ruwan kuma ya zauna da daɗinsa. Wata uku ina jera gora, tsohuwa ta kayar da ni da jimla ɗaya. Yanzu haka ake yi mata.

Sai dai wannan na Inna ne, mai jikokin da za su hura mata wuta. Gida tara ba za su tafasa ruwan shan mutum goma-goma kullum a watan Afrilu ba, itacen ma ina yake. Abin da na gaya wa kwamiti shi ne mu daina kallon ruwan a matsayin abu ɗaya. Na bohol shi ne na sha, don shi ne mai tsabta, kuma randa na gyara ɗanɗanonsa fiye da jarka. Wanda ya kasa, ya sa wa na rijiya maganin kulorin da ake sayarwa a kemis, ya bi ƙa'idar jikin kwalba. Na rijiya shi ya dace da wanki. Mu kuwa mun juya abin: muna wanki da na sha, muna shan na wanki. Liman ya yarda zai yi magana bayan Asuba. Alif da 'ya'yan zogale da wasu suka kawo shawara, na ce suna kwantar da laka ne, amma ba a dogara da su wajen rage nauyi ko kashe ƙwayoyi.

4 ga Mayu

Rijiya ta ja baya sosai, ba za ta ɗauki wankin unguwa ba. Don haka muka koma gyara na bohol a durom.

Sodar wanki, wadda mata masu haɗa sabulun ruwa ke saye a wurin masu kemikal, ita ce kanwa da aka tsarkake. Ba soda mai ƙuna ba, wadda ke sale fata, a kula da wannan ƙwarai wajen saye. Lissafin ƙanen uwargida: durom lita 200, kowace lita miligiram 300, giram 60 ke nan na dutse, kuma yana buƙatar soda kimanin giram 64. Ya auna a makaranta, ya zo kusan cikin ƙaramin gwangwanin tumatir. Muka zuba da yamma muka motsa, ruwan ya yi fari kamar an dama alli. Da safe ya kwanta garau, farin gari a gindi. Gwajin gora: ɗigo 5. Uwargida ta yi wanki da shi ta ce hannunta ya ɗan yi santsi, sai muka rage kaɗan. An rubuta wa durom ɗin BA NA SHA BA da jan fenti, an kuma hana ɗiba da tukunyar alminiyam, don soda na cin ta.

Wani maƙwabci ya zo da ɗan ma'auni mai kama da alƙalami da ya saya, ya tsoma a durom ya ce ai lambar ba ta sauka ba, yaudara ce. Wannan na'ura jimlar duk abin da ya narke take aunawa, ba ta san kalsiyam daga sodiyam ba, mu kuwa musanya muka yi. Bai gamsu ba sai da matarsa ta aiko a ɗebar mata bokiti biyu.

An kawo maganar injin da ke musanya kalsiyam da gishiri, da irin na masu ruwan leda da ke matse ruwa ta cikin fata. Na farko yana cin buhunan gishiri har abada, na biyu yana son wuta mai ƙarfi kuma yana zubar da ruwa mai yawa. Bayan abin da ya faru a Fabrairu ba wanda ya ɗaga hannu. Malamin namu, ƙanen uwargida, ya ce tun 1841 wani Bature ɗan Sikotlan, Thomas Clark, ya gano ana cire irin wannan nauyi da jiƙaƙƙiyar farar ƙasa, wato farar ƙasa ta kori 'yar'uwarta. Abin ya burge ni, amma awo in ya kuskure a tankin da gida 14 ke sha, wa zai amsa? Mun bar shi.

25 ga Mayu

Tanki ya yi ta ambaliya kwana biyu. Mai gyaran famfo ya hau ya tarar ƙanzo ya riƙe bawul. Ya ce a kawo ruwan batir. Na ce a'a, ba a tankin sha ba. Mun jiƙa shi a khal, wato ruwan tsamin nan na girki da ake kira binega, ya kwana, da safe buroshi ya gama aikin. Kan shawa ma haka, an ɗaura masa leda da khal. Tukunyar mai shayi kuwa jiƙon tsamiya ya tafasa a ciki, ya ce ya fi araha. Na gargaɗi kowa kada a haɗa khal ko wani abu mai tsami da ruwan bilic, iskar da ke tashi guba ce.

22 ga Yuni

Ruwa ya sauka sosai daren Alhamis. Tun kafin Babbar Sallah na sa aka yi mini indararo a gefe ɗaya na kwanon ɗaki, tsawon mita 10, faɗin rufin mita 6. Ƙa'idar mai sauƙi ce: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufina murabba'i 60, ke nan ruwan milimita 20 zai ba da lita 1,200, durom shida. Ni kuwa biyu gare ni. Ina tsaye a baranda da tocila ina kallon sauran na bin lambatu, kamar kuɗi na zuba.

Ruwan farko mun bar shi ya wanke ƙurar rani da kashin tsuntsaye kafin mu tara. Gwajin gora: ɗigo 3, daidai da na leda. Yarinyata ta wanke kai da shi ta zo tana cewa in taɓa in ji. Wake ya nuna ba kanwa. An ɗaure bakin kowane durom da tsohon gidan sauro, kada mu magance sabulu mu noma zazzaɓi.

Inna ta ce a gidansu da can ba a bari ruwan indararo ya taɓa ƙasa, manyan randuna ake jerawa. Famfo ne ya sa muka manta.

17 ga Agusta

Kusan wata biyu ban rubuta ba, gona ta ɗauke ni.

Uwargida na riƙe da ƙirgen sabulu tun Fabrairu, tana zana layi a bayan ƙofa. Sandar da a da ba ta kai mako, yanzu tana kusan mako biyu. Gida biyar sun sa indararo, uku na amfani da soda. Fararen kayan da suka riga suka dusashe ba su dawo ba. Hita na huɗu na nan da rai, don duk Juma'a ana jiƙa shi. Maganar ƙaiƙayin fata ta mutu da kanta tun saukar ruwa, amma ba zan ce komai ba sai hunturu ya dawo.

Na sake zagayawa da tambayar sha. Daga tara sun koma huɗu. Cikin huɗun, biyu sun ce suna sa kulorin, ɗaya na gani da idona, ɗayan na karɓa a baki. Dattijon nan mai maganar ƙoda har yanzu ruwan leda yake saye, kuma yana da 'yancinsa.

Damina wata huɗu ce, rani takwas. Durom biyu ba za su kai mu ko ƙarshen Nuwamba ba. Na nemi magini ya yi mana kiyasin tankin siminti a ƙasa kusa da masallaci, tunda rufinsa ya fi na kowa faɗi. Shugaba ya ce a bari sai an yi girbi, aljihu ya yi nauyi. Matatar Fabrairu na nan a bakin tanki, ta toshe sau biyu, ba wanda ke son ya fara cewa a cire.

Kwalbar gwaji ɗaya ta rage, ta biyar na ba gidan da yaro ya kwanta. Na so in gwada ruwan durom da ita. Uwargida ta ce a'a, a gwada randar Inna, don ta ga yara na tsoma moɗa har da hannu a ciki, kuma tafasa ba ta hana wannan. Gobe da Asuba zan ɗiba, kafin Inna ta shafa addu'a ta gan ni.